Yadda Ake Sarin Ayaba da Fiya, a Nunar da Su, a Sayar Kafin Jari Ya Ruɓe

Tambayar da ta fi zuwa mini daga masu son shiga sana'ar kayan marmari ba ta wuce guda biyu: nawa ne jarin farawa, kuma a ina ake samun kaya da araha. Duk biyun tambayoyi ne masu kyau, amma ba su ne ke karya mutum ba. Na ga wanda ya saro ayaba da arahar da har sauran 'yan kasuwa suka yi ta yi masa barka, kwana huɗu bayan nan yana kwashe rabinta da shebur. Ayaba da fiya, wadda wasu ke kira piya, kaya ne masu rai. Daga ranar da aka raba su da bishiya suke numfashi, suna fitar da zafi, suna tafiya zuwa nuna, daga nuna kuma sai ruɓa. Aikin ɗan kiri shi ne ya san ranar da kowane kaso zai nuna, ya sa wannan rana ta dace da ranar da mai saye zai zo. Ga yadda ake bin abin daki-daki. Na ɗauki Kano a matsayin misali domin nan na fi sani, amma mai saye a Zuba ko Farin Gada ta Jos zai ga tsarin kusan ɗaya ne.

1. Fara sanin cikin kasuwarka

Kafin ka taka kasuwar sari, ka yi kwana uku kana lura da wurin da za ka zauna. Mutum nawa ne ke tsayawa wajen mai kayan marmarin da ke kusa? Da wane lokaci? Dozin suke saye ko ta ɗari biyu? Bakin asibiti, ƙofar masallacin Juma'a, tasha da bakin rukunin gidajen ma'aikata kowanne da irin cinikinsa. Ayaba kowa na ci, daga yaro har tsoho. Fiya kuwa tana da mutanenta, kuma ba a kowace unguwa suke ba. In unguwarku ba a saba da ita ba, fara da guda ashirin ko talatin daga hannun wanda ya riga ya buɗe buhu, kada ka ɗauki buhu sukutum.

Ƙa'idar da nake bi: sarin farko kada ya wuce abin da kake da tabbacin sayarwa cikin kwana biyar. Kuma kada ka zuba duk jarinka a ciki. Rabi ya isa, domin sarin farko kuɗin makaranta ne.

2. Tanadi wuri da kayan aiki tukuna

Kana bukatar ɗaki ko rumfa mai inuwa da iska ke ratsawa, wadda ba kwano ne tsirara a samanta ba. Sai katako ko tsofaffin kwalaye na shimfiɗawa a ƙasa, wuƙa mai kaifi, buhunan algarara uku ko huɗu, tamfol ƙarami, igiya, da kwanduna marasa zurfi. In da hali ka sayi akwatunan roba masu huji irin waɗanda wasu 'yan tumatir suka koma amfani da su, sun fi kwandon kaba nesa ba kusa ba, domin ba sa yankar fatar kaya kuma ana iya jera su ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba. Ƙaramin ma'aunin zafi na bango, irin wanda ake samu a shagon kayan asibiti, zai biya kuɗinsa a mako guda. Littafi da biro kuma dole ne.

Gargaɗi: kada ka saro kaya sannan ka fara neman inda za ka ajiye. Awa uku a rana tsaka a watan Afrilu sun isa su dafa ayaba a cikin ɓawonta.

3. San inda kayan suka fito

A Kano babbar matattara ita ce Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a kan titin Zariya. Yawancin ayabar da ake saukewa can daga kudu take tahowa, jihohi irin su Edo, Ondo da Kuros Riba, wato ta riga ta kwana a mota kafin ka gan ta. Fiya kuma tana zuwa daga wurare masu sanyi ko yawan ruwan sama, kamar tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, da jihar Filato, da jihohin kudu maso gabas. Motar da ta taso daga Gembu, babban garin tsaunin Mambila, sai ta gangaro dutse zuwa Mayo Selbe, ta bi ta Serti, kafin ma ta kama hanyar arewa. Wannan doguwar tafiya tana cikin farashin da za a faɗa maka, kuma tana cikin jikin fiyar.

Amfanin sanin wannan shi ne tambaya ɗaya da za ka riƙa yi kullum: yaushe aka yanko daga bishiya, yaushe aka sauke? Kayan da motarsu ta lalace a hanya ta ƙara kwana biyu ba ɗaya suke da waɗanda suka iso a kan lokaci ba, ko da ido bai nuna bambanci ba. Dillali ba lallai ya faɗa maka ba. Yaran mota da 'yan dako su ke da labarin, kuma ruwan sanyi na leda biyu yana buɗe baki.

Game da lokaci, ayaba ba ta yankewa duk shekara, sai dai farashinta ya hau ya sauka. Fiya tana da kakarta, ta fi yawa da araha daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina, sannan ta yi wuya. Azumi na ɗaga farashin kayan marmari gaba ɗaya, musamman kwanakin farko. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso na farashin duk abin da ya yi doguwar tafiya, don haka duk ranar da ka ji mai ya tashi, ka sa ran ganin abin a bakin mota cikin 'yan kwanaki.

4. Shiga kasuwa da sassafe, kada ka saya a zagayen farko

Je bayan sallar asuba, lokacin da ake sauke kaya kuma rana ba ta taɓa su ba. Zagaya sau ɗaya hannunka a aljihu, ka ji farashi a wuri uku ko huɗu, ka ƙirga motocin da suka shigo. Ranar da motoci suka yi yawa, mai kaya ne ke neman ka. Ranar da suka yi kaɗan, sayi abin da zai riƙe maka kwastomomi kawai ka koma.

Ciniki a nan ta hannun dillali ake yi, kuma yana da la'adarsa. Ka tambaya tun kafin tayi: la'ada a kan wa take, nawa ce, kuɗin dako zuwa bakin titi yana ciki ko babu. Sabon shiga ya fi kyau ya bi wani tsohon ɗan kiri sau biyu ko uku, a gan shi tare da shi. Fuskar da aka sani ba a cika cusa mata kwantai ba.

Gargaɗi: bashin kaya yana da daɗin karɓa, amma wanda ya karɓi bashi ba ya zaɓe. Abin da aka ba shi zai ɗauka.

5. Zaɓen ayaba

Ana sayar da ayaba da nononta, wato duk abin da aka saro daga bishiya ɗaya, daga baya kai ne za ka yanyanka shi ɓari-ɓari. Abu na farko da za ka duba shi ne ko ta ƙosa. Ɗauki ƴaƴan da ke tsakiyar nonon ka shafa. Ayabar da ba ta ƙosa ba tana da kusurwoyi masu kaifi a jikinta, siririya, kamar an feƙe ta. Wadda ta ƙosa kusurwoyin sun fara shafewa, jikin ya cika. Wadda ta zama mulmulalliya sarai kuma ta wuce gona da iri ga mai son ajiya, domin za ta nuna da wuri kuma ɓawonta na iya tsagewa. Tsaka-tsakin nan kake nema: ta cika, amma ana ɗan jin kusurwa.

Sai ka duba kututturen da aka sara. In yana da ɗanyen ruwa da ƙaro, sabon sara ne. In ya bushe ya yi baƙi ya fara motsewa, ta kwana biyu. Leƙa wuyan ƴaƴan, inda suka haɗu da kututture: farin fumfuna ko baƙi mai laushi a wurin alama ce ta ruɓar da za ta gangaro cikin ƴaƴan, kuma irin wannan ayabar ce ke zubewa ɗaya bayan ɗaya da zarar ta nuna. Juya nonon ka ga gefen da ya kwanta a mota. Ƙurjewa a kan kore ba ta cika fitowa ba, amma ranar da ayabar ta yi rawaya duk inda aka ƙurje zai koma baƙi.

Kada ka sayi kaya masu nuna iri ɗaya. Raba sarinka uku: kaso ƙarami wanda ya riga ya fara juyawa, na sayarwa yau da gobe, kaso babba kore shar wanda za ka nunar da kanka, da wani koren da za ka ajiye gefe ba tare da ka taɓa shi ba sai bayan kwana biyu. Wannan rabon shi ne ƙashin bayan sana'ar. Wanda ya sayi nono goma masu nuna ɗaya, rana ɗaya za su nuna masa, kuma rana ɗaya zai yi gwanjonsu.

Wani abu da ido ke yaudarar sabon shiga a kai: manyan ayaba masu santsi sun fi kyan gani a tire, amma ƙananan nan gajeru masu siririn ɓawo sau da yawa sun fi zaƙi, kuma akwai masu saye da su kaɗai suke nema. Sai dai ba sa jure dako. Tambayi mutanen unguwarka wacce suke so kafin ka yanke wa kanka hukunci.

6. Zaɓen fiya

Nan ne aka fi cutar mutane, domin fiya ba ta nuna a kan bishiya. Sai an tsinke ta take fara laushi, don haka duk fiyar da ke cikin buhu tauri gare ta kamar dutse, mai kyau da marar kyau. Wadda aka tsinka kafin ta ƙosa ba za ta taɓa nuna yadda ya kamata ba. Za ta yi ta motsewa, fatarta ta yanƙwane, cikinta ya zama kamar roba, ɗanɗanon ruwa-ruwa da ɗaci. Farkon kaka, lokacin da farashi ke sama, shi ne lokacin da aka fi tsinko irin wannan, saboda kowa na son ya riga kowa kai kaya kasuwa.

Ni ma an taɓa yi mini. Na ɗauki buhu biyu a farkon kaka a hannun wani dillali da ya rantse mini sun ƙosa, na jira kwana goma sha biyu, ko kashi ɗaya cikin uku ba su nuna ba. Tun daga ranar ba na sayen buhu sai an yi abu uku.

Na ɗaya, a zazzage buhun a ƙasa. Manya a baki, ƙanana da fasassu a gindi, tsohuwar dabara ce. In an ƙi zazzagewa, wuce gaba.

Na biyu, in zaɓi guda biyu da hannuna daga tsakiya, in biya kuɗinsu, in fasa. Abin dubawa shi ne fatar da ke lulluɓe da ƙwallon. A fiyar da ta ƙosa, wannan fata ta yi ruwan ƙasa, siririya kamar takarda. In fara ce mai kauri da danshi, fiyar ba ta kai ba. Naman kuma ya zama ya fara ɗaukar launin rawaya wajen ƙwallo, ba fari-fari ba.

Na uku, in duba fatar waje da hancin. Fiyar da ta ƙosa ƙyallinta yakan ragu, ta ɗan dushe. Wadda aka yanko da ɗan guntun itacenta a hanci ta fi wadda aka fizge, domin ramin da fizga ke bari ƙofa ce ta ruɓa. Wadda aka kaɗo da sanda ta faɗo ƙasa kuwa, raunin yana ciki, ba za ka gan shi ba sai mai saye ya yanka a gida ya tarar da baƙi. In ka ga fasassu da yawa da ƙasa a jikinsu, kaɗowa aka yi.

Ka kuma san irin da ka saya. Hass, ƙarama mai kaushin fata, tana komawa baƙi-baƙi idan ta nuna, don haka launi na taimako. Fuerte da yawancin manyan fiyar gida masu santsi suna nan kore ko sun nuna, wasu kuma su yi ja-ja. Buhun fiyar gida yakan haɗa ƴaƴan bishiyoyi daban-daban, wata mai maiƙo kamar man shanu, wata mai zare da ruwa. Shi ya sa in ka dace da mai kawo iri ɗaya mai kyau, ka riƙe shi ko da ya ɗan fi tsada.

7. Dako zuwa rumfa

Shimfiɗa ganyen ayaba ko kwali a ƙasan a-kori-kura ko adaidaita, a jera nonon ayaba a tsaye ko a kishingiɗe da ganye a tsakaninsu, kada a yi musu tsibi. Kada kowa ya zauna a kan buhun fiya, kuma kada a jefo shi daga mota. Tsaya a wurin da kanka lokacin lodi da saukewa. Ƙarin ɗari biyu ga ɗan dako don ya bi a hankali ya fi asarar dozin uku. A rufe da buhun algarara, ba baƙar leda ba.

Da isowa, fitar da fiya daga buhu nan take, ka baza ta a inuwa ta huce.

8. Nunarwa

Abin da ke nunar da ayaba da fiya wata iska ce da su kansu suke fitarwa, ana kiranta etilin. Ɗan itacen da ya fara nuna yana fitar da ita da yawa, ita kuma ta tayar da na kusa da shi. Duk dabarar nunarwa a kan wannan take: in kana son kaya su nuna, tara musu iskar. In kana son su jira, raba su da duk abin da ya nuna, ka bar iska ta ratsa.

Ga ayaba, fara da yanka nonon ɓari-ɓari da wuƙa mai kaifi, kana barin ɗan kututture a jikin kowane ɓari don kada ƴaƴan su warware. Kifa su a kan ganye na ɗan lokaci ƙaron ya tsane, domin in ya zuba a kan ɓawo yana barin baƙin tabo, a tufafi ma ba ya fita. Ware masu rauni gefe. Jera sauran a kan katako ko cikin akwati, kada su wuce hawa uku, ka sa nunannun ayaba kaɗan a tsakaninsu, ka rufe da buhun algarara sannan tamfol. Bar su kwana ɗaya zuwa biyu a rufe, sannan ka buɗe. Buɗewar nan wajibi ce. Tarin ayaba mai nuna yana haifar da zafi da gurɓatacciyar iska, in aka bar shi a toshe sai nunar ta lalace. Daga nan kwana biyu zuwa huɗu za ka ga launi ya juya.

Zafi shi ne babban abokin gaba a ƙasarmu. Ayaba ta fi yin kyau tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Selshiyas, abin da ɗakin talaka a Kano ba ya samu sai da hunturu. Idan zafi ya haura 25, manyan ayaba irin na gonakin zamani sukan yi laushi a ciki alhali ɓawon na nan kore-kore, mai saye ya ce ɗanya ce, kai kuma ka san gobe za ta ruɓe. Ba za ka iya sayen na'urar sanyaya ɗaki don nono goma ba, amma kana iya rage ɓarnar. A bazara rage tsawon rufewa zuwa dare ɗaya, rage yawan tarin, yayyafa ruwa a daɓen ɗakin da jikin buhun algarara, ka buɗe taga da dare ka rufe da rana. Ruwan a ƙasa da buhu zai tsaya, kada ya kwanta a jikin ayabar.

Da hunturu matsalar ta juya. Ƙasa da digiri 13 ayaba tana jin sanyi, ɓawonta ya yi toka-toka, ta ƙi yin rawaya mai haske. Daren Disamba da Janairu a Kano, balle Jos, yana iya kaiwa nan, don haka kada ta kwana a waje, kuma a ƙara mata rufi. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana motsar da ita. Wannan dalilin ne ma ya sa ba a sa ɗanyar ayaba a firji.

Fiya ba ta bukatar wahala haka. Ɗebi adadin da kake son sayarwa nan da kwana uku ko huɗu, sa su a kwali tare da nunannun ayaba biyu ko uku, ka rufe bakin kwalin sama-sama. Sauran ka bar su a baje a wuri mafi sanyi, nesa da ayaba. Kowace safiya ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka fitar da waɗanda suka fara laushi, domin fiya ba ta nuna tare ko da daga bishiya ɗaya ta fito.

Gargaɗi mai girma: za a ba ka shawarar kabayid, sinadarin nan da masu walda ke amfani da shi, a ƙulle a takarda a cusa cikin kaya. Kada ka karɓa. Hukumar NAFDAC ta haramta nunar da ƴaƴan itace da shi kuma ta sha yin gargaɗi a kai, domin yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu guba irin su asenik. Iskar da yake fitarwa idan ya ji danshi tana kama wuta. Ta fuskar ciniki ma asara ce: ɓawo ya yi rawaya, ciki ya zauna da gardin ɗanye babu zaƙi, kuma kayan ba sa jimawa. In kana sayen wadda ta riga ta nuna, ka yi hattara da ayabar da jikinta ya yi rawaya fes amma wuyanta kore shar, ka ɓare ɗaya ka ɗanɗana kafin ka biya.

9. Lissafin farashi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya raba kuɗin sari da adadin kaya ya ce ga abin da ya saya. Bari in buga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, kai ka sa na ranar da ka je kasuwa.

A ce ka sayi nono 10 a kan naira 6,000 kowanne, wato 60,000. La'ada 2,000, dako 1,500, mota 4,000, leda da kuɗin wurin zama 2,500. Jimla 70,000. A ce kowane nono ya ba ka dozin 8, ka samu dozin 80. Mai gaggawa zai ce dozin ya zo masa a 750, ya sa 900, yana murna da ribar 150. Amma cikin 80 ɗin nan, tsakanin masu rauni, waɗanda suka zube, gyara da ɗanɗano, a ce dozin 10 sun tafi. Saura 70. Raba 70,000 da 70, ainihin kuɗin dozin 1,000 ne. Wanda ya sayar a 900 ya tashi da 63,000, ya yi faɗuwar 7,000 yana ganin ciniki na tafiya.

Kuma 70 ɗin ba farashi ɗaya za su tafi ba. Ware su uku. Manya masu tsabta dozin 40 a 1,400, kuɗinsu 56,000. Matsakaita dozin 20 a 1,100, kuɗinsu 22,000. Waɗanda suka fara ɗigo-ɗigo dozin 10 a 600, kuɗinsu 6,000. Jimla 84,000, riba 14,000. Ka lura kusan duk ribar daga kason farko ta fito. Duk ɓarin da ƙurjewa ta sauko da shi daga na ɗaya zuwa na biyu, naira 300 ce ta fita daga aljihunka a kowane dozin.

Haka fiya. Buhu mai guda 200 a 40,000, da kuɗin hanya 5,000. In 20 sun lalace, kowace ɗaya ta zo maka a 250, ba 200 ba. Ware ta manya, matsakaita da ƙanana, kuma nunanniyar da za a ci yau ta fi ɗanya kuɗi, domin kai ka ɗauki kasadar jiran.

Rubuta adadin da ka zubar kowace rana. Bayan sari huɗu ko biyar za ka san naka kason asarar, ka daina aiki da nawa.

10. Shimfiɗa kaya da sayarwa

Inuwa tukuna. Laima ko rumfa, babu zaɓi. Ayaba ta fi son a rataye ta da igiya ko a kifa ɓarin yadda bayan ƴaƴan zai kalli sama, hawa ɗaya. Fitar da abin da za ka sayar cikin rabin yini kawai, sauran su zauna a ɗaki. Mai tura baro ya shimfiɗa kwali mai kauri ko soso a ciki, domin ƙarfe mai zafi da girgizar hanya suna gama da na ƙasa kafin la'asar. Kada ka jingina nunanniyar ayaba da kankana ko gurji na tsawon kwanaki, iskar nan tana lalata su su ma.

Fiya kuwa yatsun masu saye ne ke kashe ta. Kowa ya zo sai ya danna da babban yatsa, mutum goma su danna guda ɗaya, wanda ya saya daga ƙarshe ya tarar da tabo goma a ciki, kuma kai zai zaga. Hanyar gwaji ita ce a ɗora ta a tafin hannu a matsa a hankali da hannun duka. Fi sauƙi ma, ka cire musu dalilin dannawa: yi kashi uku a tire, ta yau, ta gobe, ta jibi, ka tambaya, "Hajiya, yaushe za a ci?" sannan ka zaɓa mata da kanka. Yanka guda ɗaya ka ajiye a gaba a ga cikinta, ka shafa mata ruwan lemon tsami don kada ta yi baƙi da wuri. Ka kuma gaya wa mai saye cewa wadda ta nuna tana iya kwana biyu ko uku a firji, amma ɗanya a bar ta a waje tukuna.

In wani ya dawo da fiyar da ta fito baƙa a ciki, canza masa ba tare da musu ba. Guda ɗaya ce, kuma ka riga ka sa ta a lissafin asara.

11. Kayan da suka fara wucewa

Kada ka jira sai sun ruɓe kafin ka rage farashi. Ayabar da ta fara ɗigon baƙi tana kan ganiyar zaƙinta, amma kwana ɗaya ko biyu ya rage mata. Da la'asar ka sauke farashinta, ka ƙulla ta kashi-kashi na kuɗi kaɗan don yara da masu wucewa. Tun kafin ka fara sana'ar ka nemi mutum biyu ko uku masu karɓar irin wannan da yawa: masu markaɗa kayan marmari da madara, masu yogot, da matan da ke yin kek a gida. Karɓi lambarsu, ka kira su da safe ranar da ka ga kaya sun taru, kada ka bari sai dare lokacin da su ma sun san ba ka da mafita. Fiyar da ta yi laushi sosai amma cikinta bai yi baƙi ba tana da masu saye cikin masu gyaran gashi. Ɓawo da ragowar ayaba masu kiwon awaki za su kwashe. Fiya kam kada a ba dabbobi ko kaji, ganyenta da ɓawonta da ƙwallonta suna cutar da su.

Wadda ta fashe, ta yi tsami ko fumfuna, fitar da ita daga rumfar gaba ɗaya a ranar, ka share wurin, ka wanke akwatin da ruwa da sabulu ka shanya shi a rana kafin sabon kaya ya shiga.